Wurin da Inna Ta Nema a Kaset

Kwanakin baya 'yata ta zo hutu da kwamfutarta, ta zauna a tabarma tana ta tsaki. Na tambaye ta ko lafiya, ta ce abin ya cika, ba ya karɓar komai sai ta rage masa kaya. Na matso ina kallo. Ta zaɓi hotuna da muryoyi masu yawa, ta danna wuri ɗaya, suka ɓace, ko ɗaya ba ta saurara ba. Na ce, "Ke, ba za ki ji abin da ke ciki ba tukuna?" Ta yi dariya ta ce, "Baba, tarkace ne." Ban ja maganar ba, don ban san kan na'urar ba, karatuna bai wuce firamare ba. Amma cikar wuri na san ta, tun zamanin da nake da rikoda.

A Funtua na saye ta, a shekarar da auduga ta yi mana kyau. Daga fuloti, inda ake awon audugar, ban zarce gida ba sai kanti. Baƙa ce mai hannu, da madannai farare da guda ja. Na sa ta a buhu na ɗaure a bayan keke na nufi garinmu Maska, ina tsayawa a hanya ina shafawa in ji ko tana nan. Baba ya dube ta sama da ƙasa ya ce da ɗan maraƙi na saya da ya fi. Bai yi ƙarya ba. Amma da yamma da na ɗauki tarinsa na kunna masa, sai da ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce wannan tsohon da ke ciki ya je ya nemi magani.

Mutane kan sayi rikoda don jin mawaƙa. Ni ma na ji su, amma jan madannin nan na ɗaukar magana shi ya fi tafiya da ni. Duk abin da ya yi ƙara a garinmu sai na kai masa rikoda. Na ɗauki luguden mata a gidan biki, suna jefa taɓarya sama suna tafi suna cafewa. Na ɗauki ruwan sama a kan kwanon masallaci. Na ɗauki jirgin ƙasa yana shiga Funtua, da masu lodi a tasha suna kiran Malumfashi, Malumfashi, saura mutum ɗaya, alhali motar ba kowa. Da maƙwabcinmu Kirista ya aurar da 'yarsa, na bi su har coci na tsaya a bakin taga na ɗauki waƙoƙinsu, da Hausa suke yi, da ganga da caki. In an yi la'asar sai in shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, mutane su kewaye ni, kowa na jiran ya ji kansa. Ba wanda ya taɓa yarda cewa muryarsa ce, kowa sai ya ce rikodar ta sa shi magana ta hanci. Batir in ya yi sanyi mu jera shi a rana a kan katanga, ya ɗan farfaɗo, mu ci gaba.

A cikin kaset ɗina duka akwai guda da na fi ji da shi. A daminar farko da na yi da rikodar, Baba ya kira gayya a gonarmu ta bakin rafi, samarin unguwa suka taru da garemani don su yi mana huɗa a yini ɗaya. Na rataye rikodar a reshen ɗorawa na danna. Gefe guda cur ta ɗauka: gangar noma, ihun samari, guɗar matan da suka kawo fura, da Baba a tsakiya yana zuga su, yana kiran kowa da sunan tsokana, yana cewa wanda layinsa ya karkace da ruwan rafi zai yi kalaci. Ɗaya gefen kuwa kiɗe-kiɗen rediyo ne da na tara. Ba a yi damina da yawa ba bayan nan Baba ya rasu. Tarin nan da muka yi wa dariya na daɗe da goge shi na ɗora wani abu a kai, don haka muryarsa ba ta rage ko'ina ba sai a gayyar nan. A bayan kowane kaset akwai wasu 'yan haƙora biyu, ɗaya na kowane gefe. In ka karya su jan madanni ba zai dannu ba, ba mai iya ɗaukar wani abu a kai ko da kuskure. Da aka share makoki na sa bakin wuƙa na karya su duka biyun.

Yayana ba ya cikin gayyar. Shi ne ɗan farin Inna. Ya bar gida tun shekarun da ruwa ya yi ƙaranci, ya bi hanyar gabas yana ɗinki yana tafiya har ya isa Makka, ya sami wani shago ya zauna. Rasuwar Baba ma a kaset ya ji ta. Haka ake yi a lokacin. In alhazai za su tashi sai a tara mutanen gida a ɗauki gaisuwar kowa, a ba wani amintacce ya kai, in sun dawo su zo da amsa. Namu wani Alhaji ne na Mahuta, mai fataucin hatsi, yake kai mana, don kusan kowace shekara yana tafiya, kuma ya san shagon.

Kowa yakan yi magana a kaset ɗin ban da Inna. Yaran yanzu ba lallai su gane wannan ba. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Yaya ma a ɗakin kakarmu ya tashi. Tun da nake ban taɓa ganin Inna ta dube shi ta faɗa masa magana kai tsaye ba. In tana so ya ci abinci sai ta ce da ni, "Ka gaya wa wancan tuwo na hucewa." To in na kawo rikoda kusa da ita sai ta ci gaba da kaɗinta, mazari na juyawa, ta ce, "Ku gaida mutanen can." Shi ke nan. In amsa ta zo kuwa, da na kunna sai ta tashi ta shige ɗaki, amma asabarin ƙofar a ɗage take barinsa. Bayan kwana biyu sai ta ce da matata, "Abin nan na mijinki ya lalace ne? Na ji shi shiru." Ma'ana a sake kunnawa.

Da farko, in kaset ɗin Yaya ya zo muka gama ji, a kansa nake ɗaukar amsa in mayar. Ban ga laifin haka ba, kowa ma haka yake yi. Ran da Inna ta gane cewa amsarmu a kan muryarsa take hawa, ba ta ce mini komai ba. Amma daga nan duk kaset ɗin da ya zo, da an ɗan ji shi sai ya ɓace. Matata ce ta gano inda suke, a ƙasan kwallar Inna, an naɗe su da tsohon kallabi. Ba wanda ya isa ya taɓa.

Sai aka shiga shekarun da kaya suka yi wuya. Sabulu da madara sai an yi layi, batir sai ka san mai kanti. Damina ta yi nisa, dawa ta kai ƙugu, alhazai na shirin tashi. Inna kuwa tun farkon ruwa take fama da ƙirji, ta rame, kaɗin ma sai tana yi tana hutawa. Wata safiya ina wasa fartanya matata ta zo ta tsuguna, ta rage murya.

"Malam, Inna ta yi wata magana."

"Ta me?"

"Cewa ta yi, bana in akwai wuri a cikin abin nan, a rage mata."

Na ajiye fartanyar. "Ita Innar?"

"Ita. Kuma kada ka je ka tambaye ta. In ka tambaya cewa za ta yi ba ta faɗa ba."

Na hau keke na tafi Funtua neman sabon kaset. Na zaga kantuna, babu. Wani ya ce in gwada Malumfashi ran kasuwa. Na shiga mota na je, na dawo ba abin da na samo sai laka a ƙafar wando. Alhaji kuma ya aiko cewa jibi zai wuce sansanin alhazai, mai saƙo ya kai masa. Ba yadda zan yi sai in nemi wuri a cikin nawa, nawa kuwa duk a cike suke maƙil.

Na ɗauki gwangwanin biskit ɗin da nake ajiye su na tafi wurin maƙwabcin nan namu. Shi ke gyaran rediyo a unguwar, a wurin 'yan mishan ya koya, Injiniya muke ce masa. Na zazzage su a kan bencinsa.

"Injiniya, wanne zan yanka a cikin 'ya'yan nan nawa?"

"Yanka na jirgin ƙasa mana. Jirgin yana nan, gobe ma zai yi maka kuka kyauta."

Muka sa shi. Zaren ya sha ɗauka da gogewa har ya gaji, sauti na fita kamar daga cikin rijiya. Na lugude ya taɓa tsinkewa an liƙa shi da jan farce. Na ruwan sama rikoda ta taɓa tauna shi. Injiniya yana zura biro yana juya kowanne, yana ɗaga zaren a haske yana girgiza kai.

"Waɗannan ko Kano ba za su kai ba, balle Makka. Tsohuwa mai ciwon ƙirji ta yi magana a kan wannan, wa zai ji ta?" Sai ya jawo wani daga aljihun tebur. "Ga na waƙoƙin cocinmu, ɗauki. Sai dai in gogewar ba ta kama ba, yayanka ya sha Kirsimeti a Makka."

"Rufa mini asiri. So kake a tsare Alhaji a filin jirgi?"

Muka yi dariya. Amma da gaske yake, da na miƙa hannu da ya ba ni. Na ƙi, don na san ba nasa ba ne shi kaɗai, na mawaƙan cocin ne duka, kuma shi ke nan gare su. Sai ya ɗauki na gayyar ya duba.

"Wannan fa? Zarensa kamar sabo."

"Wannan ba ya taɓuwa. Ba ka ga na karya haƙoran ba?"

"Haƙori? Auduga kaɗan za ka cusa a ramin, ya koma kamar ba a karya ba." Ya dube ni. Ya san abin da ke ciki, yana cikin masu huɗar ranar. "Gefe biyu ne ai, maƙwabci. Ka ba da na kiɗan rediyo, ka bar na tsoho. Yayanka ma ya ji gayyar, Alhaji ya dawo maka da abinka. Ko ka taɓa aika masa?"

Ban taɓa ba. Ban ma taɓa gaya masa akwai shi ba, don tsoron kada ya ce in aiko. Na sunkuyar da kai na karɓi audugar, na cusa a rami ɗaya, na bar ɗayan.

Washegari da hantsi aka tara gida. Gaisuwar kaset ba a yin ta a gurguje. Kowa sai ya yi sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafin ƙasar, ya tambayi mutanen da bai taɓa gani ba, ya amsa wa kansa da lafiya lau, sannan ya shiga abin da ya kawo shi. Kawu, ƙanin Baba, ya ba da tarihin ciwon ƙafarsa tun daga ranar da jaki ya taka shi. Goggo ta lissafa waɗanda aka haifa da waɗanda aka yaye. Ni ma ban taƙaita ba. Na ba da labarin gona, na roƙi agogo, na ja kunnen Yaya a kan ya dawo mini da kaset ɗin yadda yake. Kafin a gama, na leƙa ta 'yar tagar rikodar na ga zaren da ya rage bai fi kaurin farce ba. Na ce a raina ai ya isa, Inna ba mai dogon zance ba ce.

Na ɗauki rikodar na nufi ƙofar ɗakinta. Ban hana kowa biyo ni ba, labari kuwa ya riga ya zaga gidan. Goggo har da cewa, "Ku matso, yau za a ji abin da ba a taɓa ji ba." Inna na zaune a tabarma da taskirar audugarta. Na ajiye rikodar a gabanta na danna ja.

Ta shafa alli a yatsa ta murza mazari. Zare na tafiya, ita ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Akuyar nan ja ta haihu. Biyu ta haifa, ɗaya bai zo da rai ba." Ta koma kan kaɗinta. Idona na kan tagar.

Na kashe. "Inna, wurin kaɗan ne. Ki faɗi abin da za ki faɗa." Na mayar da zaren baya na sake dannawa.

Ta daɗe tana kallon mazarin. "Tsamiyar ƙofar gida, iska ta karya mata reshe. Wanda yara ke lilo a kai." Kawu ya yi gyaran murya. Wani yaro ya yi dariya aka make shi. Kafin ta ƙara wata kalma madannin ya yi tsalle, gefen ya ƙare.

Na sake mayarwa baya, na goge wannan ma. "Inna, don Allah, saura wannan karon."

Ta dubi rikodar, ta dube ni. Ta ce, "Ku gaida mutanen can." Ta tattara taskirarta ta shige ɗaki, ta saki asabari har ƙasa.

Mutane suka watse, Kawu ya ɗingisa ya tafi gidansa. Matata ta yafuto ni bayan rumbu. Ba ta saba ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Malam, me ka yi haka?"

"Me na yi? Wuri ta nema, na ba ta. Labarin akuya za a kai Makka?"

"Wurin da ka ba ta ko atishawa ba zai ɗauka ba. Matar da tun da ta haife shi ba ta taɓa ce masa sannu ba, kana so ta buɗe baki nan take, kana tsaye a kanta kana leƙen zare, ga Kawu ga Goggo? Ta kan akuyar za ta bi ta isa inda za ta. Kai kuma tana kama hanya kana tare ta."

"To ya zan yi? Gefen ya cika. Sai dai in goge su Kawu."

"Ka goge Kawu? In Alhaji ya dawo ba amsar ƙafarsa, gaba ce har lahira. Kuma in Inna ta ji an goge dangin mijinta saboda ita, ka san ba za ta ƙara zama gaban abin nan ba." Ta ɗan tsaya. "Akwai ɗaya gefen."

"Baba ne a ɗayan."

"Na sani. Ni na dama furar ranar." Ta share ido da bakin zane. "Baba ya gama maganarsa, Allah ya ji ƙansa. Ita ba ta fara ba."

Na zauna a gindin rumbun da rikodar a cinya. Na so ƙwarai in ji gayyar sau ɗaya na ƙarshe, amma batirin da ke ciki shi ke nan gare ni, in na ƙone shi a kan gangar noma ba abin da zai rage wa Inna. Na fito da kaset ɗin na juya shi a hannu, na sake juyawa. Sannan na ce matata ta kawo mini auduga. Na cusa a ramin da ya rage, na mayar da zaren farko, na miƙa mata ban dube ta ba.

Bayan azahar ta kori yara waje, ta shiga ɗakin Inna kamar za ta ɗauko wani abu, ta ajiye rikodar a gefen gado ta danna ja, ta fito ta saki asabari. Ni kuwa na saɓa fartanya na tafi gona. Na yi ta noma, ban san ciyawa nake cirewa ko gyaɗa ba.

Da na dawo na tarar da kaset ɗin an naɗe shi da ƙyalle an ɗaure da zaren kaɗi.

"Ta yi magana?"

"Ban sani ba, ina bakin rijiya. Kirana kawai ta yi ta ce in zo in kashe, yana cin batir a banza."

"Kawo in ji ko ya ɗauku."

"Ba naka ba ne, Malam."

Haka na kai shi Mahuta a ɗaure, na damƙa wa Alhaji. A hanyar dawowa raina a ɓace yake. Na yi kwanaki ina amsa wa matata magana da ka, Inna ma gaisuwar safe kawai nake mata in wuce. Ina ganin an raba ni da ubana a karo na biyu, kuma wataƙila a kan labarin akuya. Da na san 'yan shekarun da suka rage mata da ban yi wannan fushin ba.

Alhaji ya dawo da dabino da zamzam da agogona, da wani kaset na amsa. Yaya ya jajanta wa Kawu ƙafa, ya yi wa Goggo barka da jikoki, ya ce a gaida mutanen gida. Bai ambaci saƙon Inna ba, namu kaset ɗin kuma bai dawo da shi ba. Inna ta ji daga ɗaki, kaset ɗin ya ɓace kamar sauran. Aka yi kaka, aka kai auduga fuloti, aka ci rani. Na daina tambayar kaina.

Da bazara, ana sharar gona, mota ta tsaya a bakin kasuwa ta sauke wani mutum mai furfura a gemu, da akwati da keken ɗinki. Sai da ya yi magana na gane Yaya ne. Gidan ya cika da guɗa. Ya ratsa mutane ya je ƙofar ɗakin Inna ya durƙusa.

"Inna, na same ku lafiya?"

Sai muryarta daga ciki, tana kiran matata. "'Yar nan, ba a ba baƙo ruwa ne a gidan nan?"

Washegari da sassafe, tun bai gama karɓar masu sannu da zuwa ba, ya ce da ni, "Ina ake samun shuci yanzu?" Na ce ciyawar jinka a wannan lokaci sai dai a saya a wurin waɗanda suka yanka suka ajiye. Ya ce mu je. Muka kama hanya da jaki, a nan ne ya gaya mini abin da ke cikin kaset ɗin, yana tafe yana kallon gabansa.

Ya ce da farko ba abin da ake ji sai mazari, da kaji, da tarinta. Har ya ɗauka kuskure aka yi aka bar rikoda a kunne. Sai ta yi maganar akuya. Ta yi maganar tsamiya. Ta faɗi tsofaffin unguwa da suka rasu, ɗaya bayan ɗaya, tana hutawa a tsakani. Sannan ta yi shiru mai tsawo, har ya kai hannu zai kashe. Sai ta ce, "Ɗakin nan na kusa da rumbu yana yoyo. Kowace shekara ina sa a baibaye shi. Bana ban iya ba."

Ɗakinsa ne na samartaka. Ni duk shekarun nan na ɗauka don ajiyar gyaɗa take sa a gyara shi.

"Shi ke nan abin da ta ce?"

"Shi ke nan. Sai ta kira matarka ta kashe." Ya ja igiyar jakin ya tsaya. "Da aka kashe sai na ji ƙas, sai ganga. Ashe zaren bai ƙare ba. Ina zaune a shago da allura a hannu, sai ga Baba yana ihu wai a kawo fura, samari sun gama. Ya yi dariya, kaset ya tsaya. Me ya sa ba ka taɓa gaya mini kana da shi ba?"

Na ce, "Yana ina yanzu?"

"Na yi ta jin sa har zaren ya tsinke. Na liƙa, ya sake tsinkewa. Daga baya rikoda ta cinye shi, na kasa warwarewa." Ya ci gaba da tafiya. "Watannin da na ƙara, na sallami masu ɗinki ne, na nemi wanda zai karɓi shagon."

Ban ji haushinsa ba, ba ni da bakin ji. Ko Inna ba ni da muryarta a ko'ina. Ta yi magana a gabana a cikin rikodata, ni da yatsana na mayar da zare na goge. Daga baya na yi ta cewa in kaset ya samu zan zaunar da ita in bar ta ta yi zancen akuyoyinta yadda take so. Kafin kaya su dawo kantuna ta riga mu gidan gaskiya.

Amma ɗakin mun baibaye shi a makon da Yaya ya dawo. Injiniya ya zo ya taya mu yanta, yana tsokanar Yaya wai hannun tela ba zai iya da shuci ba. Yaya ya hau sama, ni ina miƙa masa daga ƙasa. Inna ta fito da tabarmarta ta shimfiɗa a inuwar rumbu, ta juya mana baya, tana kaɗi. Ba ta waiwayo ba, ko kuma ni ban ga ta waiwayo ba. Muna tsakar aiki sai ta ce da matata, "Ki gaya wa na saman nan, ta gabas ba ta yi kauri ba. Ta nan ruwa ke bugowa."

Matata ta ɗaga kai ta faɗa, ko da yake ya riga ya ji. Yaya ya ce in miƙo masa wani dami.